Ƙwallon Dabinon da Kaka Ba Ta Ajiyewa

Ƙwallon dabino idan ya faɗa cikin farantin ƙarfe yana da wata 'yar ƙara, ƙwal, wadda ba ta isa a waiwaya ba. Shekaranjiya bayan la'asar ɗana ya ci dabino ya jefa ƙwallon a faranti, sai ƙarar ta ratsa ni har na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Matata ta ce lafiya? Na ce lafiya lau. Ba lafiya ba ce, amma ta ina zan fara gaya mata cewa da irin wannan ƙwallon guda ɗaya na karya zuciyar kakata, kuma ta bar duniya ban ce ta yafe mini ba? Ku da ba ku san fuskata ba, ku zan iya gaya wa.

A Riyad aka haife ni, a unguwar Ulaisha, cikin wani tsohon bene mai hawa uku da fentinsa ya daɗe da gajiya. Baba injiniya ne a wani kamfanin gine-gine, Umma kuma ma'aikaciyar jinya. Daga ƙasar Katsina suka zo da niyyar yin shekara biyu su koma, ga shi yau ni ma a nan na haifi nawa. Larabci na tashi da shi a titi da makaranta, Hausa kuwa sai a gida, ita ma rabi da rabi. Idan Baba ya yi mini faɗa da Hausa, da Larabci nake ba shi haƙuri. Ni yaro ne mai baki, mai son a ce ya sani, kuma ba na jin daɗin a tuna mini cewa ni baƙo ne. Wani ɗan ajinmu ya taɓa tambayata ko a ƙasarmu akwai masallaci, tun daga ranar na ƙudurta sai na fi kowa a darasin addini.

Ina ɗan shekara tara Umma ta haifi ƙanwata. Aikin asibiti bai san jego ba, sai aka nemo wa mahaifiyarta bizar ziyara, ana sabunta mata lokaci zuwa lokaci. Haka Kaka ta sauka a gidanmu da akwatin ƙarfe, da tabarmarta a naɗe, da ƙullin daddawa wanda ya sanar da dukan benen cewa mun yi baƙuwa. Gajeriya ce, da tsage a kumatunta, idanunta sun fara yana. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta yi mata ba ko kaɗan, sanyin ƙarya take ce mata, sai ta shimfiɗa tabarmarta a lungun da ke tsakanin kicin da ƙofa, inda iskar ba ta kaiwa. Kowa ta gamu da shi a matakala sai ta gaishe shi da Hausa, har ta tambayi mutan gida. Mai baƙalar da ke ƙasanmu, wato kantin unguwa, mutumin Yaman ne. Ita ta yi masa Hausa, shi ya yi mata Larabci, su rabu kowa ya gamsu. Ni kuwa tun ranar farko ta raɗa mini maigida. Maigidan da ba ya cefane, ba ya jin yaren matarsa, sai cin tuwo.

Wanda bai yi bazara a Riyad ba ba zai gane zaman da muke yi ba. Daga azahar zuwa la'asar titi ya mutu, ruwan famfo ya yi zafi sai ka ce an dafa shi, tagogi a rufe, labule a sauke. Baba yana wajen aiki, Umma tana asibiti ko tana barcin gajiya, gida ya rage daga ni sai Kaka sai jaririya. A irin wannan lokacin ta fara fito da gwangwanin madararta. Duk dabinon da aka ci a gidan, sai ta tara ƙwallayen, ta wanke, ta shanya a bakin taga, ta zuba a ciki. Umma tana ƙorafin tara shara, Kaka ta ce ba shara ba ce, Larabawa ne.

Takan juye su a kan babban farantin ƙarfe, ta ce in matso. "Maigida, kada ka ga yanzu kowa da carbi ka ɗauka haka aka fara. Da Annabi ya zo da saƙo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba da baki ɗaya Larabawa suka amsa ba."

Sai ta fara rabo. Tarin farko ɗan kaɗan ne, kuma a hankali take ajiye su, ɗaya bayan ɗaya: matarsa, da amininsa, da yaron da ya tashi a gidansa, da bayi da talakawa waɗanda ba su da abin da za a ƙwace musu sai rai. Daga baya takan ƙara musu da cikin tafi guda, ta ce ga mutanen Madina nan da suka ce ya taho wajensu, suka raba gidajensu da gonakinsu da baƙi. Tari na biyu na manyan Makka ne da suka tsaya a kan faɗa. Waɗannan da ƙarfi take dire su, ƙwal, ƙwal, tana lissafa abin da ya hana su: kasuwarsu da ta dogara da masu ziyarar gumaka, da girman da suka gada, da maganar da ta fi ƙona musu rai, wai bawa da ubangidansa sahu ɗaya za su tsaya. A nan take faɗin wanda aka kwantar a rana aka ɗora masa dutse a ƙirji, da ƙayar da ake watsawa a hanya, da yaran Ɗa'ifa da aka sa suka yi jifa. Tari na uku ya fi kowanne yawa, shi ne na ƙabilun jeji da suka koma gefe suka ce bari mu ga shi da danginsa wa zai rinjaya. Waɗannan dariya suke ba ta. Ta ce ta san irinsu sarai, a kasuwar garinsu ma suna nan. Da ta kai inda aka ci Makka, sai ta sa gefen hannu ta turo su gaba ɗaya zuwa tarin farko, tana cewa ga su nan sun taho ayari-ayari, kowa yana cewa da ma can yana da niyya.

Ban san inda ta koyi wannan ba, domin ba ta iya karatun ko baƙi ɗaya. A wajen tafsiri da bakin malaman zaure ta tsinta, ta jera shi yadda ya zauna mata. Sunaye ma sau da yawa ba ta riƙe ba, sai dai ta ce wane mai taurin kai, ko wance mai haƙuri. Amma idan tana bayarwa sai ka ji kamar a unguwarsu aka yi.

Saura ƙwallo ɗaya. Shi ba a gwangwani yake kwana ba, a bakin gyalenta yake a ƙulle. Idan an gama rabo sai ta kwance shi, ta sa a tafin hannu ta dunƙule. Ta ce wannan baffan Annabi ne, wanda ya raine shi, ya ƙi miƙa shi ga masu neman ransa. Da Ƙuraishawa suka yanke hulɗa da danginsu, ba saye ba sayarwa ba auratayya, shi ma ya shiga kwarin da aka tsare su ya sha yunwa tare da su, har ana cin ganye, ana jin kukan yara daga waje. Duk da haka bai bar addinin iyayensa ba. Ta ce a cikin wannan ƙwallon kuma akwai mutumin da yakan labta wa raƙumi abinci ya kora shi cikin kwarin a ɓoye. Nakan tambaye ta wane tari za a sa shi, amsarta kullum ɗaya ce.

"Wannan ba a ajiye shi. Riƙe shi ake yi."

Haka muka ci bazara biyu. Na haddace labarin har idan ta tsallake wani wuri ina gyara mata, tana cewa maigida ya fara kawo cefane. A kan wannan farantin Hausata ta miƙe. Kalmomi irin su kwari da ayari da rumbu duk daga bakinta na ɗauka.

Sai sanyi ya shigo, irin sanyin Riyad mai shiga ƙashi, da ɗan yayyafin da ke tayar da ƙamshin kwalta. A wannan zangon aka fara mana tarihin Annabi a makaranta, kuma ba sai na faɗa muku wanda hannunsa ke sama kullum ba. Malaminmu mutum ne mai kirki, yana yabona a gaban aji, ni kuma kaina yana ƙara girma. Ranar da ya kai rasuwar baffan nan, ya karanta mana cewa an yi masa tayin kalmar shahada a gadon mutuwarsa bai furta ba. Abin da ke littafi ya karanta, bai ƙara ba, kuma bai aike ni wajen kowa ba. Ni ne na taho gida da gudu, jaka tana dukan bayana, ina murna na kama Kaka da kuskure.

Na tarar da ita a lungunta, ta lulluɓa da bargo, ƙanwata tana barci a gefenta. Na ce ta ba ni labarin Larabawa. Ta ji daɗi, har ta ce yau maigida da kansa ya nema. Na zauna na daure har ta gama tari uku, ta kwance bakin gyale, ta dunƙule hannu. Sannan na ce mata ta yi kuskure, malam ya ce wannan bai musulunta ba, don haka wurinsa yana tari na biyu.

"Na sani," ta ce. "Tun ba a haifi uwarka ba na sani."

Sannan ta gaya mini abin da Umma ma ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta ce ita ba a Musulunci aka haife ta ba. Iyayenta Maguzawa ne, Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, a wani ƙauye da gonaki suka kewaye. Yayanta ne ya fara sallah, ita ta bi shi tana budurwa. Mahaifinsu ya rantse ba su ba rumbunsa, ba su ba rijiyar gida, sai suka koma wata bukka a bakin gona. Innarsu kuwa, wadda sana'arta dafa giya ce, ta je kasuwa ta sayo sabuwar tukunya da giya ba ta taɓa shiga ba, ta ce wannan ta 'ya'yanta ce. Takan ɓoye gero a ƙarƙashin itacen girki ta kai musu. Da azumi ita ke zuwa ta tashe su sahur, ita da ba ta azumi.

"Na roƙe ta har na gaji," in ji Kaka. "Ta ce ita ba za ta bar hanyar iyayenta ba, amma duk wanda zai taɓa ni sai ya fara da ita. Da damina ta rasu, a hannuna. Ni ban ce na san inda take ba, maigida. Wannan na Allah ne. Riƙe ta kawai nake yi."

Yaro mai hankali da ya yi shiru. Ni ba tausayi ne ya zo mini ba, kunya ce. Fuskar ɗan ajinmu mai tambayar masallaci ce ta faɗo mini, na ce a raina ashe daga irin waɗannan na fito, idan aka ji fa? Na kama hannunta, hannun da ba shi da wani ƙarfi, na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Tana cewa bari, bari, tana ɗan murmushi, ta ɗauka wasan jika ne. Na ɗauke ƙwallon na jefa shi cikin tari na biyu, na ce da Hausar da ita ta koya mini, "To ita ma nan ne wurinta."

Ƙwal. Ƙarar ke nan da na ji shekaranjiya.

Kaka ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga hannu ba. Ta sunkuya a kan farantin har fuskarta ta kusa taɓa shi, tana kallon tarin da idanunta masu yana. Ƙwallayen duk sun sha hannu sun yi sumul, babu wanda ya bambanta da wani. Ta ɗago ta ce, "Maigida, ka ga inda ya faɗa?"

Na gani. Yana gefen hagu, ya ɗan jingina da bakin faranti, da na miƙa yatsa an gama. Na ce ban gani ba.

Sai ta sa hannu ta fara laluba, tana ɗaukar wannan ta murza ta ajiye, ta ɗauki wancan, har tarin ya cakuɗe, ni ma na daina ganinsa. Ƙanwata ta farka da kuka, ba ta ko waiwaya ba, ita da ko tari yarinyar ta yi sai ta miƙe. Da ta ga ba za ta gane ba, sai ta yago wani ƙyalle, ta kwashe tarin gaba ɗaya, masu jifa da masu watsa ƙaya da Innarta, ta ƙulle su wuri ɗaya. Sannan ta ɗauki yarinyar ta goya.

Ba ta gaya wa kowa ba. Da ta faɗa, da Baba ya zane ni ya sa na durƙusa, da ma hakan aka yi. Ta ci gaba da dama mini kunu da safe, tana ajiye mini ƙanzon tuwo kamar kullum. Abu biyu kawai suka canza: gwangwanin bai sake fitowa ba, kuma ta koma kirana da sunana na yanka. Kullum idan na dawo daga makaranta nakan tsaya a matakala in shirya abin da zan ce, in shigo in gan ta a lungunta tana jan carbi, sai in ce gobe. Hausar neman gafara ma ban iya ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Da zafi ya fara dawowa Baba ya canza wajen aiki, kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamanmu a ƙasar, ya canza, takardu suka rikice, bizar Kaka ba ta samu sabuntawa ba. Cikin mako biyu aka ɗaure akwatin ƙarfe. A filin jirgi Umma tana kuka, Baba yana fama da kaya, ni na maƙale a bayan wani ginshiƙi. Ita ta nemo ni. Ta dafa kaina, hannunta yana warin goro, ta ce, "Allah ya ƙara ilimi, malam." Ba da gatse ta faɗa ba, da zuciya ɗaya ta faɗa, shi ya sa har yau yake mini ciwo.

Bayan nan sai waya. Ran Juma'a Baba yakan sayo katin waya a kasuwar Batha, a miƙa mini in gaishe ta, ina kwana, ya jiki, ya mutan gida, a karɓe kafin kati ya ƙare. Ba ita kusa, Hausata ta koma baya. Muka sa rai da wani dogon hutu za mu je gida duka, na ce a can zan same ta ita kaɗai in faɗa. Saura wata biyu hutun aka kira Umma, Kaka ta rasu.

Umma ita kaɗai ta je. Da ta dawo tana fito da 'yan kayan da aka ba ta na gado, carbi da gyale da kwanon sha, sai ta ɗago wani ƙulli ta ce a ƙasan akwati aka same shi, naɗe cikin sabon zane kamar wani abin daraja. Ta kwance, ƙwallayen dabino ne. Ta ce oh, tsohuwa da tara shara har gida, ta dube ni ta ce, "Kai da kuke zama tare, ka san na mene ne?" Ina ɗan shekara goma sha biyar lokacin, gemu ya fara tsiro mini. Na ce ban sani ba. Da ta tashi na ɗauke ƙullin na ɓoye a cikin kayana.

Sai da na girma, na fara aiki, muka koma unguwar Suwaidi, sannan wata rana bayan la'asar na zauna karatu a masallacin unguwa. Malamin ya kawo labarin wata sahabiya da mahaifiyarta ta zo mata Madina tana kan tsohon addininta. 'Yar ta rasa yadda za ta yi, ta je ta tambayi Annabi, ya umarce ta ta sada zumunci da mahaifiyarta. Ya kuma faɗi irin baƙin cikin da Annabi ya yi da baffansa ya rasu. Ba sabon abu ba ne, yana cikin littattafan da ke kan kantar ɗakina. Na zauna a sahu na biyu ina hawaye, wani dattijo a gefena ya ɗauka wa'azin ne ya kama ni, har yana dafa kafaɗata.

Ni ba malami ba ne, kuma ban zo in warware abin da malamai suka faɗa ba. Kaka ma ba ta yi jayayya da ko harafi ɗaya ba. Na ci jarrabawa a kan yadda Larabawa suka karɓi saƙon, wa ya bi, wa ya ƙi, wace ƙabila ta jinkirta. Ita kuwa ta san yadda gida yake zama idan saƙon ya shigo ya raba uwa da 'ya, kowa kuma yana son ɗan'uwansa. A jikinta ta sani. Abu ɗaya ta roƙa a duniya, a bar ta ta riƙe uwarta a hannu, ni kuma na ɓamɓare yatsunta.

Riyad ta canza. Jirgin ƙasa yana ratsa gari, benenmu na Ulaisha an mai da ƙasansa shagunan waya, mai baƙala ya daɗe da komawa ƙasarsu. Yanzu da hoto ake gaisawa da gida, kyauta, kowace rana, sai dai wadda nake son gani ba ta nan. Ɗana shekararsa tara, Hausarsa ba ta kai tawa ta wancan lokacin ba, kuma shi ma hannunsa kullum a sama yake a aji.

Shekaranjiya, da na ajiye kofin shayi, na shiga ɗaki na ɗauko ƙullin. Ƙyallen ya koɗe, amma ɗaurin da na mayar masa yana nan. Na tara ƙwallayen dabinon da muka ci a kan faranti, na ce wa yaron ya matso. Na yi masa tari uku da Hausa, inda ta ƙare mini in cike da Larabci. Ya yi dariya a wajen masu jiran gani, daidai inda Kaka take yi. Da na gama sai ya nuna ƙullin da ke hannuna ya tambaya wane tari za a sa wannan.

Na ce, "Wannan ba a ajiye shi. Riƙe shi ake yi."

Ya leƙa ciki ya ce, "Dukansu, Baba?"

Na ce dukansu. Ɗaya ne kawai a cikinsu nake nufi, amma ranar da na san wanne ne, na ce ban gani ba.